Tukunyar Gas da Mitar Lantarki a Gidajen Sakkwato: Faɗakarwa ga Magidanta

A cikin 'yan shekarun nan abubuwa biyu sun samu gindin zama a gidajen birnin Sakkwato, wato tukunyar iskar gas ta girki da mitar wutar lantarki. Duk wanda ya bi titin Sama Road, ko ya ratsa unguwanni irin su Mabera da Arkilla da Gwiwa da Runjin Sambo, ba zai rasa ganin ɗan kabu-kabu ɗauke da tukunyar gas za a kai ta wurin cikawa ba, haka kuma ba zai rasa ganin akwatunan mita manne a jikin katangu ko a saman turakun wuta ba. Tsadar kananzir tun bayan janye tallafinsa a 2016, da ƙarancin itace a yankin da hamada ke matsowa, da wahalar hayaƙi da mata ke sha a madafa, su ne suka tura iyalai da yawa zuwa ga gas, yayin da gajiya da takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi ta sa magidanta neman mita ruwa a jallo.

Abin lura shi ne, kaso mai yawa na haɗarin da ke tattare da tukunyar gas, da na husumar da ke tasowa a kan mita, yana komawa ne ga wurin da aka ajiye kowannensu. Tukunyar da ke buƙatar sarari da iska ana kulle ta a ƙuryar ɗaki saboda tsoron ɓarayi, mitar da ake buƙatar hannu ya kai gare ta cikin sauƙi kuma ana barin ta bayan ƙyauren ƙarfe, ko a cikin ɗakin da mabuɗinsa ke aljihun maigida alhali yana kasuwa ko ofis. Gyara wannan ba ya bukatar kuɗi masu yawa, abin da yake bukata shi ne sanin ɗabi'ar abubuwan biyu da kuma yadda ɗaya ke iya tayar da fitinar ɗaya.

Iskar da ake girki da ita

Wajibi ne a fara bambance iri biyu na gas da mutane kan haɗa su a suna ɗaya. Akwai iskar da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa a tura ta ta bututu zuwa masana'antu da tashoshin samar da lantarki, wadda mafi yawanta sinadarin mitan ne, kuma ta fi iskar da ake shaƙa rashin nauyi, saboda haka idan ta tsiyaye sama take yi. A ƙasashe irin su Ingila da Amurka da Masar ana shigar da irin wannan iska cikin gidaje ta bututu, a sanya mata mita a bakin gida kamar yadda ake yi wa ruwan famfo. Nijeriya na da arzikin wannan iska fiye da kubik ƙafa tiriliyan 200, kuma a watan Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, sai dai hanyar bututun ba ta biyo ta Sakkwato ba, kuma babu gidan da ake shigar wa gas ta bututu a birnin.

Abin da ke cikin tukwanen gidajen Sakkwato iri na biyu ne, wato gaurayen sinadaran furofen da biyuten, waɗanda ake matsawa har su zama ruwa a ɗura su cikin tukunyar ƙarfe. Ana samun su daga wuraren sarrafa gas, musamman kamfanin NLNG da ke tsibirin Bonny a Jihar Ribas, wanda ya fara sayar wa kasuwar cikin gida a 2007, da kuma matatun mai da abin da ake shigowa da shi daga waje, sannan tankoki su ɗauko su daga kudu zuwa tashoshin cikawa na arewa. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa a madadin tsohuwar DPR, ita ke ba da lasisin ajiyewa da sayar da gas, hukumar SON kuma ita ke kula da ingancin tukwane da kayan haɗinsu.

Wannan iska tana da ɗabi'u huɗu da ya kamata kowane mai gida da kowace uwargida su riƙe. Ta farko ita ce nauyi, domin ta fi iskar da ake shaƙa nauyi da kimanin ninki ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka idan ta tsiyaye ba ta tashi ta fice ta taga, sai ta kwanta a ƙasa ta bi daɓe, ta taru a ƙarƙashin kanta da kusurwoyi da magudanar ruwa, har ta iya kaiwa ga garwashin da ke can tsakar gida. Ta biyu ita ce kumbura, domin lita ɗaya ta ruwan gas idan ta koma iska tana cika wurin da ya kai ninki 250 na girmanta. Ta uku ita ce saurin kamawa, domin da zarar ta kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da ita. A lissafi, madafa mai faɗin mita 2 da tsawon mita 3 da tsayin mita 3 ba ta bukatar ko kilo ɗaya cikakke kafin ta kai wannan mataki, alhali tukunyar da aka fi amfani da ita a gidan iyali tana ɗaukar kilo 12.5. Ta huɗu ita ce rashin wari, domin a asalinta ba ta da ƙamshi ba ta da ɗoyi, kuma warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji wani sinadari ne mai suna makaftan da ake zuba mata da gangan domin hanci ya zama mai gadi. Wannan al'ada ta yaɗu ne bayan fashewar da ta auku a makarantar New London da ke jihar Texas ta Amurka a ranar 18 ga Maris, 1937, inda gas marar wari ya taru a ƙarƙashin ginin ba wanda ya sani, ya hallaka mutum kusan 300, mafi yawansu ɗalibai.

Yanayin Sakkwato yana ƙara wa waɗannan ɗabi'u nauyi. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a inuwa, kuma ƙarfen da aka bari a rana ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Ruwan gas yana kumbura idan ya ji zafi, shi ya sa ƙa'ida ta tanadi kada a cika tukunya ta wuce kimanin kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na cikinta, a bar sauran sarari domin kumburin. Mai sayen da ke roƙon a ƙara masa gyara a tukunya, da mai sayarwar da ke danna masa domin ya riƙe ciniki, dukansu suna cinye wannan sarari ne, kuma tukunyar da aka cika maƙil aka ajiye a but ɗin mota da tsakar rana tana iya fara fitar da iska ta bakinta, ko ta tsage idan ƙarfenta ya riga ya yi rauni.

Tukunya da kayan haɗinta

Abubuwa huɗu ne ke tsakanin ruwan gas da tukunyar miya: ita tukunyar gas ɗin, da regileta, wato na'urar da ake ɗaurawa a bakinta domin ta rage ƙarfin iskar ta daidaita fitarta, da tiyon da ke ɗauke da iskar, sai kuma murhu. A jikin kowace tukunya ta gari, yawanci a wuyanta ko a hannun ɗaukarta, akwai rubutun da aka buga wanda ke nuna shekarar ƙira da nauyinta idan babu komai a ciki. Hukumar SON ta sanya shekara 15 a matsayin wa'adin rayuwar tukunya, tare da gwajin inganci duk bayan shekara 5, saboda haka tukunyar da ta yi tsatsa a gindi, ko ta lotsa, ko aka yi mata walda, ko aka shafe ta da sabon fenti har rubutun ya ɓace, ba abin saye ba ce komai arharta. Sanin nauyin tukunya yana da wani amfani na biyu, domin idan an cika ta aka ɗora a sikeli, abin da ya kamata a gani shi ne nauyin ƙarfen haɗe da kilon da aka biya, ba ƙari ba ragi, kuma da wannan mai saye yake kare kansa daga tauye mudu da kuma cikawar da ta wuce kima.

Mafi yawan tsiyayar da ake samu a gida ba daga jikin tukunya take fitowa ba, daga mahaɗai take fitowa. A cikin bakin tukunya akwai ƙaramin zoben roba da ke toshe tsakaninta da regileta, wanda zafi da ƙurar hunturu ke busar da shi har ya tsattsage. Tiyo ma yana bushewa, ɓeraye suna gaigayarsa, zafin murhu yana narkar da shi idan ya bi ta bayansa, kuma bai halatta a maye gurbinsa da tiyon ruwa ko a ɗaure bakinsa da ƙyalle ko robar taya ba, sai da maɗaurin ƙarfe da aka yi domin haka. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, a shafa a bakin tukunya da regileta da dukkan tsawon tiyo, duk inda aka ga kumfa na hurowa to nan iska ke fita. Gwada tsiyaya da ashana, wanda har yanzu wasu ke yi, ganganci ne tsantsa.

Ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6, wadda ake ɗaura wa murhu a bisa kai, ita ce ta ɗalibai da gwauraye da ƙananan iyalai, kuma tana da nata haɗarin na daban, domin wuta tana ci ne a kan tukunyar kai tsaye. Idan aka ɗora mata babbar tukunyar tuwo mai faɗin gindi, zafi yana komawa ƙasa ya dafa bakin tukunyar gas ɗin da robar da ke ciki, sannan tuƙi mai ƙarfi yana iya kifar da ita gaba ɗaya. Ita wannan ta ƙaramin girki ce, kuma ba a kwance kan murhunta ko a ɗaura shi kusa da wata wuta. Haka nan ba a kwantar da kowace irin tukunya ko a girgiza ta ko a gasa gindinta domin a tatso ragowar gas, saboda regileta an yi ta ne domin iska ba domin ruwa ba, kuma idan ruwan ya bi ta cikinta harshen wuta yakan yi tsalle fiye da yadda za a iya shawo kansa.

Wurin cikawa ma abin dubawa ne. A ranar 4 ga Janairu, 2020, gas ya fashe a wani shagon sayar da shi a Sabon Tasha da ke Kaduna, ya hallaka mutane da dama, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Nijeriya, wanda ba ya cikin masu cinikin, yana wani shago ne da ke maƙwabtaka. Kafin wannan, a jajibirin Kirsimeti na 2015, wata tashar gas ta kama da wuta a Nnewi ta Jihar Anambra lokacin da mutane suka yi layin saye. Hukumomi sun daɗe suna gargaɗi a kan juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama a cikin ƙananan shaguna, musamman waɗanda ke jere da mai walda ko mai shayi ko mai tsire, kuma maƙwabtan irin wannan shago suna da haƙƙin tambayar lasisinsa da kai ƙorafi ga mai unguwa da hukuma tun kafin abin baƙin ciki ya auku.

Mazaunin tukunya a cikin gida

Mafi kyawun wuri ga tukunyar gas shi ne wajen ɗakin girki, a cikin keji na ƙarfe mai rufi da ke jingine da bango, inda inuwa take kuma iska ke ratsawa ta ƙasa, a huda bango tiyo ko bututun ƙarfe ya shiga zuwa murhu. Wannan tsari yana amsa tsoron sata, tunda ana iya sa wa kejin kwaɗo, kuma yana nisantar da yara, sannan idan tsiyaya ta auku a bakin tukunya iskar waje ce za ta kwashe ta. Sharaɗinsa shi ne mabuɗin kwaɗon ya kasance a wurin da duk baligin gidan ya sani, kuma kejin ya yi nesa da janareto da akwatin mita da murhun gawayi da bakin rijiya ko masai, domin iska mai nauyi rami take nema. Gidajen da ke kan Sama Road da makamantansu, masu katanga da fili a tsakanin gini da katanga, ba su da uzurin rasa irin wannan wuri.

Inda babu halin haka, kamar ɗakunan haya da gidajen tsohon gari masu ƙunci, to a ajiye tukunyar a tsaye a kan daɓe mai kyau, kusa da ƙofa ko wata kafa ta ƙasa, ba a cikin rufaffiyar kanta ba, kuma ba a ɗakin kwana ba. Girki a rufaffen ɗaki, wanda ake yawan yi da hunturu saboda sanyi da ƙura, yana da wata illa banda gobara, domin wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana haifar da wata guba marar wari marar launi mai suna kabon monoksayid, irin wadda ke fita daga janareto da kaskon gawayi, wadda ke sa ciwon kai da jiri da barci kafin ta kashe. Harshen wuta shuɗi alama ce ta ƙonewa mai kyau, ja ko rawaya mai baƙanta gindin tukunya kuwa alama ce ta murhun da ya toshe ko ɗakin da iska ta yi wa kaɗan. A murhun da ba ya kunna kansa ana ƙyasta ashana tukuna sannan a murɗa, kuma idan an gama girki ana rufewa ne daga regileta, ba daga murhu kaɗai ba. Koyarwar Musulunci ta riga ta yi umarni da kashe wuta kafin a kwanta barci, kuma rufe bakin tukunya da dare yana cikin wannan ladabi.

Inda gas da lantarki suke haɗuwa

Idan aka shiga gida aka ji warin gas, abin da hannu ya saba yi shi ne laluben makunnin fitila, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne muni, domin duk makunnin lantarki yana fitar da ɗan tartsatsi a cikinsa lokacin kunnawa da lokacin kashewa. Abin yi shi ne a fitar da mutane, a rufe regileta idan ana iya kai wa gare ta, a buɗe ƙofofi da tagogi, kada a taɓa makunni ko fanka ko firji, kada a ƙyasta ashana, kuma a fita waje kafin a yi amfani da waya. Idan tukunyar ce ke tsiyaya kuma babu wuta a jikinta, a fitar da ita fili nesa da mutane da murhu. Idan wuta ta riga ta kama kuma ta fara dukan jikin tukunya, to lokacin jarumta ya wuce, sai a nisanta kowa a kira 'yan kwana-kwana, ko lambar gaggawa ta ƙasa 112.

A nan ne yanayin wutar lantarki a Nijeriya yake shigo da wani haɗari da ba kowa ke tunawa da shi ba. Gidan da aka ɗauke wa wuta ba gidan da babu wuta ba ne, domin ana iya dawo da ita a kowane lokaci ba tare da sanarwa ba, kuma a daidai wannan lokaci firji zai tashi, fanka za ta juya, duk soket mai sako-sako zai yi tartsatsi, alhali gas yana kwance a daɓe. Maganin wannan shi ne a samu babban makunnin da ke yanke wutar gida gaba ɗaya a waje, kusa da mita, nesa da ɗakin girki, yadda za a iya kashe shi ba tare da an shiga inda warin yake ba. Gidan da ke da sola ko inbata yana bukatar nasu makunnin shi ma a wuri sananne, saboda yanke wutar kamfani ba ya kashe su. Masu kashe gobara ma abin da suke fara nema kenan kafin su saki ruwa, kuma duk mintin da aka ɓata ana neman mabuɗin ɗakin da mita take, wuta ce ke cin ribarsa.

Mita da haƙƙin kai wa gare ta

Rarraba lantarki a Sakkwato yana hannun kamfanin Kaduna Electric, wanda ke kula da jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, kuma yana ɗaya daga cikin kamfanonin rarraba wuta 11 da aka fitar daga tsohuwar NEPA bayan dokar gyaran fannin lantarki ta 2005, wadda ita ce kuma ta kafa hukumar NERC mai sa ido a kansu. A 2023 aka maye gurbin wannan doka da sabuwa. Har zuwa 2024 fiye da rabin masu rajistar wuta a ƙasar ba su da mita, duk da shirin 2018 da ya ba masu wuta damar sayen mita ta hannun kamfanoni masu lasisi, da shirin gwamnatin tarayya na raba mitoci da aka fara a 2020. Marar mita kuɗin ƙiyasi yake biya, kuma ko da yake NERC ta sanya wa ƙiyasin iyaka tun 2020, shi ne tushen mafi yawan gardamar da ake yi a ƙofar gida.

Mita iri biyu ce. Akwai tsohuwa wadda ake shan wuta tukuna ma'aikaci ya zo ya karanta, kuma mai irin wannan idan ya hana a karanta ya mai da kansa cikin masu ƙiyasi da hannunsa. Akwai kuma ta iya kuɗinka iya shagalinka, wadda ake saya mata lambobi 20 a danna. Mutane da yawa suna zaton wannan ta biyun ba ta bukatar ziyarar kowa, alhali ana bukatar duba hatiminta, da gwada daidaiton lissafinta, da gyara ta idan ta ƙi karɓar lambobi, da sabunta manhajarta kamar yadda aka yi kafin 24 ga Nuwamba, 2024, lokacin da aka bukaci masu irin wannan mita su shigar da wasu lambobi na musamman domin ta ci gaba da karɓar kati. Hukumar NEMSA ce ke gwada mitoci ta tabbatar da ingancinsu, kuma ba a yarda mai gida ya cire mita ko ya matsar da ita ko ya karya hatiminta da kansa ba, ko da shi ya biya kuɗinta, sai da sanin kamfani.

Ƙin buɗe ƙofa ga ma'aikacin wuta ba kullum yake nufin rashin gaskiya ba. Gidan Bahaushe yana da hurumi, baƙo namiji iyakarsa zaure, kuma ba ya shiga inda iyali suke sai da izinin maigida, sannan halin tsaro da ake ciki ya sa mutane ɗari-ɗari da duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa da sunan aiki. Wannan damuwa halattacciya ce, amma hanyar warware ta ita ce a fitar da mitar daga cikin hurumin, ba a hana kai wa gare ta ba. A gidan gargajiya zaure ko bangon waje ya dace da ita, a gida mai katanga kuma a sa ta kusa da ƙofar shiga, cikin akwati mai kare ta daga rana da ruwan damina, mai taga da ake ganin lambobi ta ciki, a tsayin da babba zai karanta yana tsaye amma yaro ba zai kai ba. Akwai kuma mita mai ɓangare biyu, wadda ma'aunin ke saman turken wuta, madannin kuma yana cikin ɗaki, kuma ita ta fi dacewa da gidan da ake kulle. A ɗaya ɓangaren, mai gida yana da haƙƙin neman katin shaidar duk wanda ya zo, da ƙin miƙa kuɗi a hannu ba tare da rasit ba, kuma idan yana da koke ya rubuta wa sashen sauraren ƙorafi na kamfani, idan ba a warware ba ya ɗaukaka zuwa ofishin sauraren koke na NERC.

Ɓoye mita domin a zagaye ta da waya, wato satar wuta, laifi ne da dokar 2023 ta tanadar wa tara ko ɗauri, kuma a farkon 2025 NERC ta sanya naira 100,000 a matsayin tarar da ake biya kafin a sake haɗa wuta ga wanda aka kama karon farko da mita mai layi ɗaya, da naira 200,000 ga mai layi uku, banda biyan wutar da aka sha. Amma asarar da ta fi wannan ita ce ta gobara, domin wayar da aka murɗa da hannu a ɓoye cikin silin tana zafi tana narkewa, kuma ba ta bi ta fis ɗin da zai yanke ta. Haka nan haɗa janareto da wayoyin gida ba tare da canjoba ba, wato makunnin da ke raba layin kamfani da na janareto, yana mayar da wuta baya zuwa kan turke, inda za ta iya kashe ma'aikacin da ya hau gyara yana da yaƙinin layin a kashe yake.

A gidajen haya nauyin ya rabu biyu. Mai gida shi ke da alhakin ingancin wayoyi da wurin mita da tanadar mazaunin tukunyar gas tun a lokacin gini, ɗan haya kuma ya kamata ya duba ko akwai bashi a kan mitar kafin ya tare, ya sanar da kamfani a rubuce, ya kuma san inda babban makunni yake. Inda mutane da yawa ke tarayya a mita ɗaya, bai dace ta kasance a ɗakin mutum ɗaya da ke iya kullewa ya yi tafiya ba.

Abin da ya rage ga magidanta

Ko da an kiyaye duk waɗannan, gida yana bukatar shirin ko-ta-kwana. Ya kamata a samu tukunyar kashe gobara mai hoda a rataye kusa da ƙofar madafa, ba a can ciki bayan murhu ba, a kuma koya wa matan gida da 'yan aiki da manyan yara yadda ake amfani da ita, tunda su ne ke gida a lokacin girki. Man suya idan ya kama ba a zuba masa ruwa, ana kashe murhu ne a rufe kaskon da murfi. Wanda ya ƙone ana sanyaya wurin da ruwa mai tsabta na kimanin minti 20, ba a shafa masa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko gishiri ko manja, sannan a gaggauta kai shi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na jiha. Tagogin da aka yi wa ƙarfen tsaro ko'ina, da ƙofa ɗaya tilo mai kwaɗo, suna hana ɓarawo shiga kuma suna hana iyali fita, don haka ana bukatar mafita ta biyu da ake iya buɗewa daga ciki.

Kira a nan yana ga magidantan Sama Road da sauran unguwannin Sakkwato da su zagaya gidajensu su duba abubuwa uku: inda tukunyar gas take, inda mita da babban makunni suke, da kuma ko iyalinsu sun san abin yi idan babu su. Magina da masu haɗa wayoyi su riƙa tanadar waɗannan wurare tun daga zanen gida, limamai da masu unguwanni su sanya batun cikin faɗakarwarsu kafin shigowar hunturu da bazara, hukumomi kuma su tsaya a kan duba shagunan gas da gaggauta raba mitoci. Tsare rayukan iyali da dukiyar maƙwabta amana ce a wuyan maigida, kuma kuɗin keji da sabon tiyo da akwatin mita bai kai ko kusa da kuɗin jinyar ƙuna ba. Allah Ya kiyaye mu daga gobara, amin.